MAKAMIN ƘARE-DANGI DA HUKUNCIN ALKAWARI A MUSULUNCI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sanya ta amana a hannun 'yan Adam. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi makamin nan da ake kira bom na nukiliya, wanda Hausawa suka raɗa wa suna makamin ƙare-dangi, da kuma ƙoƙarin da ƙasashen duniya suka daɗe suna yi na ɗaure hannuwan masu ƙera shi da igiyar alkawari. Mai karatu yana iya cewa, ina ruwan talaka da wannan zance na manyan ƙasashe? Manomin da ke Randagi, can yammacin ƙasar Birnin Gwari, abin da ya dame shi shi ne ya je gona ya komo lafiya, ya kai masararsa kasuwa ba a tare shi a hanya ba. To, lalle haka ne. Amma kowace shekara, in damina ta ɗauke, ƙurar hunturu takan taso daga Hamada ta lulluɓe Randagi da dajin da ke kewaye da ita, ta shiga ɗaki, ta shiga rijiya, ta shiga ƙirjin jariri. A shekarar 1960 wata ƙasa ta fasa bom ɗinta na farko a cikin wannan Hamadar, a tsakiyar hunturu. Tun daga ran nan zancen ya zama na kowa.

MENE NE WANNAN MAKAMI?

Akwai wani ma'adini mai nauyi da ake haƙowa daga ƙasa, ana ce da shi yuraniyam. Allah ya ajiye wani ƙarfi mai ban tsoro a cikin ƙananan ƙwayoyinsa waɗanda ido ba ya gani. In aka tsaga ƙwaya ɗaya sai ta fitar da zafi, ta kuma tsaga maƙwabtanta, su ma su tsaga na kusa da su. In an bi da wannan aiki sannu a hankali cikin tukunyar da aka gina dominsa, sai a sami wutar lantarki da magunguna. In kuwa aka sake shi gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, shi ne bom. Ɓangaren da ke tsagewa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ma'adinin ba yadda aka haƙo shi, sai an tace. Tashar lantarki takan wadatu da wanda aka tace zuwa kashi 3 har 5 cikin ɗari, shi kuwa bom yana bukatar wajen kashi 90. Watau hanya ɗaya ce ta rabu biyu, kuma wannan shi ne tushen dukan gardamar da ake yi: yaya za a san niyyar mai tacewa?

Ran 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa bom ɗaya a birnin Hiroshima na ƙasar Japan, ran 9 ga watan ta jefa na biyu a Nagasaki. Kafin ƙarshen shekarar mutane wajen 140,000 sun mutu a Hiroshima, wajen 70,000 a Nagasaki, galibinsu mata da yara da tsofaffi da ma'aikata. Mafi yawan ma'adinin da aka yi aikin da shi daga Afirka aka kwaso shi, daga mahaƙar Shinkolobwe ta ƙasar Kwango.

Ɓarnar wannan makami iri uku ce. Akwai wuta mai narka ƙarfe, akwai guguwa mai rushe gini, sa'an nan akwai wani dafi wanda ba a gani, ba a jin warinsa, mai bin ƙura da ruwa da ciyawa, yana haddasa ciwon daji bayan shekaru. Mutanen wannan yanki sun san irin dafin da ido ba ya gani, ko da yake nasu na dalma ne: a 2010 yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, a 2015 kuma irin wannan ya auku a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari. Iyayen ba su san ƙurar tana kisa ba sai da suka yi ta binne 'ya'yansu.

ABIN DA YA FARU A REGGANE

Shugaban Faransa, Janar de Gaulle, ya ƙudura cewa ƙasarsa ba za ta dogara da kariyar Amurka ba, sai ta mallaki nata bom. Da aka zo gwaji, ba a yi shi a ƙasar Faransa ba. Sai aka zaɓi Reggane, a kudancin Aljeriya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakarsu. Tsakanin wurin da Birnin Gwari ya fi kilomita 1,800, amma iska ba ta san iyakar ƙasa ba.

Tun kafin gwajin hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi. Nijeriya ba ta sami mulkin kai ba tukuna, saboda haka Firayim Minista, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta hannun Ingila ya kai kukan jama'arsa. A watan Nuwamba na 1959 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi Faransa ta janye. A Gana kuma waɗansu masu son zaman lafiya suka ɗauki hanya daga Akara da nufin su je su zauna a filin gwajin, aka tare su a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Duk wannan bai hana ba. Ran 13 ga Fabrairu 1960 aka fasa bom ɗin da suka kira Gerboise Bleue, wanda ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Aka yi na biyu ran 1 ga Afrilu, na uku ran 27 ga Disamba.

A lokacin gwaji na uku Nijeriya ba ta cika wata uku da samun mulkin kai ba. Ran 5 ga Janairu 1961 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa, ta ba jakadanta, Raymond Offroy, kwana biyu ya bar Ikko, ta kuma hana jiragen ruwa da na sama na Faransa sauka a ƙasar. Bayan 'yan watanni aka ɗage hanin jiragen, domin an ga wahalarsa ta fi faɗa wa maƙwabta irin su Nijar da Cadi da Dahome, masu dogara da hanyoyin Nijeriya. Hulɗar jakadanci kuwa sai da ta yi kusan shekara biyar a yanke.

Faransa ba ta daina ba. Ta yi gwaji huɗu a sarari a Reggane, ta yi 13 a cikin dutse a In Ekker, watau 17 ke nan tsakanin 1960 da 1966, domin yarjejeniyar Evian ta 1962 wadda ta ba Aljeriya 'yanci ta bar mata wuraren har shekara biyar. A gwajin ran 1 ga Mayu 1962 dutsen ya kasa riƙe abin da ke cikinsa, hayaƙi mai dafi ya fito ya bi ta kan sojoji da manyan baƙi. A 2014 aka buga wata taswirar sojan Faransa da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda ta nuna cewa ƙurar gwajin farko ta bazu a kan ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya cikin 'yan kwanaki. Ashe tsoron da mutane suka ji a 1959 yana da tushe.

IYAKAR DA SHARI'A TA SA WA MAKAMI

Musulunci bai hana kare kai ba, amma ya kewaye yaƙi da shinge. Aya ta 190 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi izinin yaƙar masu yaƙar Musulmi, ita ce kuma ta hana ƙetare iyaka. Aya ta 205 ta wannan Sura ta zargi mutumin da in ya juya baya sai ya yi ta ɓarna a bayan ƙasa, yana halaka shuka da zuriya. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida kuwa ta daidaita kashe rai guda ba da hakki ba da kashe mutane baki ɗaya.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa an tsinci gawar wata mace a wani yaƙi, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani ga kashe mata da yara. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya janye umurnin ƙona waɗansu mutane biyu, ya bayyana cewa azaba da wuta ta Allah ce shi kaɗai. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan sa'ad da ya tura shi Sham, inda ya hana shi kashe mace da yaro da tsoho tukuf, da sare itace mai 'ya'ya, da rushe gari, da yanka dabba in ba don ci ba. A cikin Muhtasar kuma Shaihu Halil ya lissafa harbi da kibiya mai dafi cikin abubuwan da aka haramta.

To, mai karatu ya auna. In an hana dafi a bakin kibiya guda, wadda mutum ɗaya za ta sama, ina ga dafin da zai bi iska ya shiga nonon uwa a ƙasar da ba ta san ana yaƙi ba? In an hana sare itace guda, ina ga abin da zai mai da gari da gonakinsa toka? Bom na nukiliya ya tara dukan abubuwan da aka hana ɗaya bayan ɗaya: wuta, da dafi, da kisan wanda bai ɗauki makami ba, da halaka shuka da zuriya.

Akwai masu kafa hujja da majaujawar da littattafan sira suka ce an kafa wa garin Ɗa'ifa a shekara ta 8 bayan Hijira, suna cewa ai dutsenta ma bai san babba da yaro ba. Amsa ita ce, malaman fiƙihu sun yi rangwame a kan wannan ne bisa larura, ana nufin ganuwa da mayaƙan da ke bayanta, kuma cutarwar tana tsayawa inda dutsen ya faɗi. Ƙiyasi ba ya inganta in akwai bambanci mai girma tsakanin abubuwan biyu, kuma babu bambancin da ya kai na makamin da ɓarnarsa ke bin jikoki.

HUJJAR MASU TANADI

Adalci ne a kawo hujjar ɗaya ɓangaren. Aya ta 60 ta Suratul Anfal ta umurci Musulmi su yi tanadin ƙarfi gwargwadon ikonsu domin abokin gaba ya ji tsoro. Masu wannan ra'ayi suna cewa bom ɗin na ajiya ne, aikinsa hana yaƙi. Da irin wannan tunani Pakistan ta tashi bayan Indiya ta yi gwajinta na 1974, har ta yi nata a watan Mayu na 1998, 'yan makonni bayan Indiya ta sake gwaji. A Afirka ma, sa'ad da aka tabbata gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu tana neman bom, shahararren malamin nan ɗan Kenya, Ali Mazrui, ya yi kira a laccocin da ya gabatar a gidan rediyon BBC a 1979 cewa ƙasashe irin su Nijeriya su nemi nasu, ko manyan ƙasashe sa ji tsoro su yarda kowa ya ajiye. Nijeriya ta kafa hukumarta ta makamashin nukiliya a 1976, amma ba ta bi hanyar bom ba.

Wannan hujja tana da nauyi, kuma malaman zamani sun saɓa a kan mallaka, ko da yake mafi yawansu sun haɗu a kan munin jefawa. Sai dai akwai tambayoyi uku. Ta farko, makamin ajiya ba ya ba da tsoro sai in an gaskata mai shi zai yi amfani da shi, watau sai ya ƙulla niyyar aikata abin da aka hana. Ta biyu, tun kafin a jefa shi a yaƙi ya riga ya cuci makiyayan da ke kusa da filin gwaji da leburorin mahaƙa, alhali ƙa'idar da aka ciro daga hadisi na 32 na Arba'una ta hana cuta da ramuwar cuta. Ta uku, ayar da ke bin ayar tanadi, watau ta 61, umurni ce da karkata ga sulhu in abokin gaba ya karkata. Wanda ya karanta ta farko ya tsaya bai cika karatu ba.

MUDU BIYU A KASUWA ƊAYA

A ran 1 ga Yuli 1968 aka buɗe yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, ta fara aiki a 1970, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka amince da ita. Ciniki ne mai sharaɗi uku. Ƙasashen da ba su da bom sun yi alkawari ba za su nema ba, kuma za su buɗe ƙofofinsu ga masu binciken hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke birnin Biyana. An yarda kowa ya nemi ilmin don amfanin zaman lafiya. Su kuma biyar ɗin da suka riga suka yi gwaji kafin 1967, watau Amurka, da Rasha, da Ingila, da Faransa, da Sin, sun yi alkawari za su shiga shawarwari da zuciya ɗaya don kwance ɗamara.

Ƙananan ƙasashe galibi sun cika nasu. Manyan kuwa, ko da yake sun rage daga abin da suka tara a zamanin gabar Amurka da Rasha, lissafin 2025 ya nuna akwai wajen bama-bamai 12,000 a duniya, kusan kashi 90 cikin ɗari a hannun waɗannan biyun. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Indiya da Pakistan da Isra'ila ba su taɓa sa hannu ba, Koriya ta Arewa ta fita a 2003 ta yi gwaji a 2006. A 2015 Iran ta ƙulla yarjejeniya da manyan ƙasashe shida, ta yarda ba za ta wuce kashi 3.67 wajen tacewa ba, su kuma su ɗage takunkumi. A 2018 Amurka ta janye, daga baya Iran ta haura har kashi 60, a watan Yuni na 2025 kuma Isra'ila da Amurka suka kai wa wuraren aikinta hari.

Farkon Suratul Muɗaffifin ya yi narkon azaba ga masu tauye mudu, waɗanda in za su karɓa sai an cika musu, in za su bayar sai su rage. Duk wanda ya taɓa auna hatsi a kasuwar ƙauye ya san cewa ranar da aka gane akwai mudu biyu, ranar ciniki ya lalace. Amma fa tauyewar wani ba ta halatta wa Musulmi yaudara. Aya ta 58 ta Suratul Anfal ta koyar da cewa in an ji tsoron ha'inci daga abokin alkawari, sai a mayar masa da alkawarinsa a fili, kowa ya san inda ya tsaya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Mu'awiya ya matsa da runduna kusa da ƙasar Rumawa domin ya afka musu da zarar wa'adin sulhu ya cika, sai sahabi Amru ɗan Abasa ya zo a kan dabbarsa yana kabbara, yana tunatar da shi hanin Annabi, Mu'awiya ya juya da mutanensa. Sa hannu a takarda da rana, da haƙa rami da dare, ba halin Musulmi ba ne.

LABARIN DA BA A TANTANCE BA

Jumhuriyar Nijar tana cikin manyan ƙasashe masu yuraniyam. An fara fitar da shi daga Arlit a 1971, daga Akuta a 1978, ana bi da shi ta Agadas da Tawa zuwa gaɓar teku, kuma Hausawa da yawa sun ci abinci a waɗannan mahaƙu. A watan Janairu na 2003 Shugaban Amurka, George Bush, ya faɗa wa majalisar ƙasarsa cewa Iraƙi ta nemi sayen yuraniyam daga Afirka. Takardun da aka yi ta yawo da su sun ambaci Nijar. Ran 7 ga Maris shugaban hukumar ta Biyana, Muhammad al-Baradi'i, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Duk da haka ran 20 ga watan aka afka wa Iraƙi, aka yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa, ba a kuwa sami makamin da aka je nema ba.

Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta yi umurni da tantance labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Wannan aya ta hau kan shugaban babbar ƙasa, ta kuma hau kan ɗan sintirin ƙauye da aka raɗa masa cewa wane ɗan leƙen asirin ɓarayi ne. Gidaje nawa aka ƙona, rugage nawa aka tasa, a kan maganar da ba wanda ya tsaya ya bincika?

ILMI HALAL NE

Kada mai karatu ya zaci Musulunci yana gaba da wannan ilmi. Aya ta 25 ta Suratul Hadid ta ambaci ƙarfe da siffa biyu, tsananin cutarwa da amfani ga mutane, kuma ta ambace shi ne bayan Littafi da ma'auni. Da ƙarfe ake yin garma, da shi ake yin takobi. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai 'yar ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004, ana auna ma'adinai da ƙasar noma da ita, ana kuma horar da ɗalibai. Makamashinta na farko tacewarsa ta kai wajen kashi 90, irin wanda ake tsoron ya faɗa mugun hannu, ko da yake bai kai yawan da za a yi bom da shi ba. A 2018 aka musanya shi da mai kashi 13, aka ɗora tsohon a jirgin sama aka mayar da shi ƙasar Sin, da taimakon hukumar ta Biyana da Amurka. Aikin ilmi bai tsaya ba, zargi kuma ya kau. Wannan shi ne toshe kafar ɓarna da malaman Malikiyya suka shahara da shi.

WANDA YA AJIYE MAKAMI

Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai shida a ɓoye, sa'an nan ta kwance su da kanta, ta shiga yarjejeniya a 1991, Shugaba de Klerk ya bayyana wa duniya a 1993. Wannan ya buɗe hanya ga abin da Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta nema tun taronta na Alƙahira a 1964. Ran 11 ga Afrilu 1996 aka sa hannu a yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta ƙera wannan makami ko gwada shi ko ajiye shi a nahiyar, ta fara aiki a 2009. Nijeriya kuma tana cikin waɗanda suka jagoranci yarjejeniyar 2017 mai haramta shi ɗungum, ta amince da ita ran 6 ga Agusta 2020, shekara 75 daidai bayan Hiroshima. Babu ko ɗaya daga cikin masu bom da ta sa hannu.

Libiya kuwa labarinta dabam ne. Ta sayi ɗanyen yuraniyam fiye da tan 2,000 daga Nijar tsakanin 1978 da 1981, ta nemi injunan tacewa a ɓoye, sa'an nan a watan Disamba na 2003 Kanar Gaddafi ya miƙa kome. Bayan shekara takwas jiragen ƙasashen Yamma suka taimaka aka tumɓuke shi. Waɗansu shugabanni suka ɗauki darasin cewa wanda ya ajiye makami ya zama nama. Rumbunan bindigoginsa kuma suka fashe, makaman suka bi Hamada suka bazu a ƙasashen Sahel, suka ƙara wa wutar da ke cin dazuzzukan Arewa mai.

KOMOWA GIDA

Mutanen Randagi da sauran garuruwan Birnin Gwari ba bom ne ya raba su da gonakinsu shekara da shekaru ba, bindiga ce a hannun waɗanda suka mai da dajin Kamuku da na Kuyambana maɓoya. A watan Nuwamba na 2024 Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani, ya je Birnin Gwari, ya karɓi tubar waɗansu daga cikin masu ɗauke da makamai, aka sake buɗe karar shanu bayan ta yi shekaru a rufe. Tambayoyin da ke gaban kowane irin wannan sulhu su ne dai waɗanda ke gaban manyan ƙasashe. Wa zai fara ajiyewa? Wa zai duba ya tabbatar? Wa zai tsare wanda ya ajiye? Wa zai share hawayen wanda aka kashe wa uba?

Shari'a ta amsa. Sulhu halal ne ko da yana da ɗaci, gama a Hudaibiyya Annabi ya karɓi sharuɗɗan da suka yi wa sahabbai nauyi, ya mayar da Abu Jandal ga mutanensa alhali yana cikin mari, domin an riga an ƙulla magana. Amana wajibi ce a kan ɓangarorin biyu, mai ƙarfi ya fi cancanta ya fara cikawa. Aya ta 9 ta Suratul Hujurat ta sa sharaɗin adalci a cikin sulhu, ta kuma ɗora wa jama'a su taru a kan wanda ya ƙetare iyaka har ya komo. Hakkin wanda aka zalunta ba ya faɗuwa sai shi ya yafe ko an biya shi. Faransa sai a 2010 ta yi dokar biyan diyya, 'yan Aljeriya da suka amfana kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa mikin bai warke ba.

Buhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir misalin mutanen da suka shiga jirgin ruwa, na ƙasa suka so su huda nasu wurin don su ɗebi ruwa. In aka ƙyale su kowa ya nutse, in aka riƙe hannunsu kowa ya tsira. A 1961 Nijeriya ba ta da ƙarfin da za ta hana Faransa, amma ta yi abin da take iyawa, ta faɗi gaskiya, ta ɗauki asarar da ta biyo baya. Ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, ba a kuma karɓar uzurin wanda ya yi shiru alhali yana iya magana.

Allah ya kiyaye bayinsa daga sharrin abin da hannuwansu suka ƙera, ya ba shugabanni ikon cika alkawari, ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari da sauran ƙasashen Musulmi da duniya baki ɗaya lafiya. Allah shi ne mafi sani.